Kurakuran da masu rubuta Hausa a waya suke ta maimaitawa

Yawancin masu kukan cewa kibod na lalata musu saƙo ba su taɓa buɗe saitinsa ba tun ranar da suka sayi wayar. Mutum ya sayi Tecno ko Infinix, ya bar kibod ɗin a kan Turanci, sannan ya yi ta zuba masa Hausa. To, me kake so ya yi? Kalmomin da ya sani su zai cusa maka.

Babban kuskure shi ne kasa bambanta abu biyu. Akwai kalmomin hasashe, waɗanda ke fitowa a layin sama ka zaɓa in ka ga dama. Akwai kuma gyaran kai-tsaye, wanda ke sauya kalmarka da zarar ka danna tazara, ba tare da ya tambaye ka ba. Na farkon alheri ne. Na biyun ne ya taɓa jawo mini asara. Na rubuta wa yaron shagona "kar ka tura kayan", wayar ta mayar da "kar" ta koma "car". Yaro ya ga "ka tura kayan", ya loda buhuna a mota zuwa ga mutumin da bai biya ko sisi ba, kuma har yau kuɗin bai dawo ba. Tun daga ranar nake kashe gyaran kai-tsaye a duk wayar da ta shigo hannuna, in bar hasashe kawai. Wanda ya ce hakan na rage masa sauri, ya gaya mini saurin me ake yi in saƙon ya isa da ma'anar da ba ita ba!

Sai lalacin haruffa masu lanƙwasa. Manhajojin kibod irin su Gboard da SwiftKey duk suna da Hausa; ka ƙara ta cikin harsuna, ka danne k, d ko b na ɗan lokaci, ƙ da ɗ da ɓ za su fito. Amma sai ka ga malami guda yana rubuta "daki" a wurin ɗaki, "bata" a wurin ɓata. Abin takaicin ma, kibod yana koyo daga hannunka, don haka gobe kuskuren zai miƙo maka a matsayin daidai. In gurɓatacciyar kalma ta maƙale a layin hasashe, danne ta ka goge.

Ni SwiftKey nake amfani da shi, don ya fi saurin riƙe yadda nake gauraya Hausa da Turanci a saƙo ɗaya, amma wanda ya saba da Gboard ba sai ya sauya ba.

Rubutun jan yatsa a kan haruffa bai cika dacewa da gajerun kalmominmu irin su da, na, ta ba. Kibod masu ado da ake saukewa barkatai kuwa, ka tuna duk abin da ka rubuta ta cikinsu yake bi, har lambar sirrin bankinka.