Yadda ake tare zafi da tsofaffin kaya a silin ba tare da an jawo gobara ba

Masu tambaya ko tsummokara na iya rage zafin ɗaki, eh suna yi sosai ma, kuma lokacin sanyi su riƙe ɗumi. Iskar da ke maƙalewa a tsakanin zaren ita ce ke aikin, shi ya sa in ka danne su kamar kana cusa kaya a buhu to ka yi aikin banza, a sake ake shimfiɗa su, kauri kamar santimita 10.

Fara da tantancewa. Auduga da tsofaffin wandunan jins da ulu su ake so, ulu ma ya fi don wuta ba ta kama shi da sauri. Duk yadin da ke da roba a jiki irin su foliyesta da nailan ka ware shi gefe, narkewa yake yana ɗiga da wuta a jikinsa. Cire zik da maɓallai, wanke, yayyanka ƙanana.

To ga inda mutane ke ganganci. Auduga ba sai ta ci bal-bal ba, takan yi ta ci a ciki shiru ba wanda ya sani sai hayaƙi ya cika gida ana barci, don haka dole a jiƙa ta da magani: boraks giram 200, borik asid giram 85 (sinadarai ne masu kama da farin gari da ke rage cin wuta), a narka a ruwan zafi lita 2. Sa safar hannu da takunkumi, kuma kar yara su kusanci ruwan nan. Tsoma, matse kaɗan, shanya har ya bushe ƙarau don danshi fumfuna yake kawowa. Sannan ɗauki ƙyalle ɗaya ka fita waje ka kyasta masa ashana, in ya yi baƙi ya mutu da ka janye wutar ya yi, in ya ci gaba da ci sake jiƙawa.

Maganin fa jinkirta wuta kawai yake, ba ya hana ta gaba ɗaya, kuma in rufi na yoyo ruwa zai wanke shi, gyara yoyon tukuna. A kira mai gyaran wuta ya duba wayoyi ya sa su a bututu, a bar tazarar aƙalla santimita 8 daga fitilar da ke zafi, bututun hayaƙi kam a yi nesa da shi sosai. A rufe tsummokaran da allon jifsam (allon silin ne da wuta ba ta saurin ci), ni dai ban yarda a bar tsumma a fili ba ko kaɗan, sannan a maƙala na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi.