Yadda na rabu da kasalar hunturu

Bara, da hazo ya rufe garin Marwa na Kamaru a watan Janairu, na toshe tagogin shagon ɗinkina da kwali saboda ƙura. Wuni nake a ciki, ƙwan lantarki ne ranata. Bayan mako biyu sai kasala, barci ba ya isata, ko gaisuwar maƙwabta nauyi take mini. Na zaci zazzaɓi ne, aka yi gwaji, babu komai.

Ƙanwata da ke karatu a Faransa ce ta gano bakin zaren. "Yaya, duhu ke cin ka," in ji ta. A can, inda rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 5 a Disamba, likitoci kan sa mai irin wannan kasala ya zauna gaban fitila mai ƙarfin lux 10,000 (lux ma'aunin haske ne) na minti 30 da safe. Hasken safiya ke dakatar da melatonin, sinadarin barci, ya saita agogon jiki.

Mu kuwa rana kyauta ce. Na ɓamɓare kwalin, na jawo keken ɗinki bakin ƙofa. Da hantsi nakan taka har bakin kogin Mayo Kaliao, takunkumi a hanci, don ko da hazo hasken waje ya fi na ɗaki nesa ba kusa ba. Cikin kwana goma barcina ya daidaita. Ƙurar dai tana nan, yanzu yadudduka nake rufewa da leda.