Yadda za ka sa PS4 ta karanta wa'azi ko waƙa daga filas

Yaran gidan gem a unguwar Nima ta Accra kullum sai su ce filas ɗinsu ya lalace, alhali fayil ɗin ne matsala. Sautin WhatsApp nau'in fayil ne mai suna opus, PS4 ba ta san shi ba, MP3 da M4A take ci.

Da farko buɗe manhajar VLC a kwamfuta don juya sautin zuwa MP3, shiga Media, danna Convert/Save, ɗora fayil ɗin ka zaɓi Audio - MP3. Sai ka duba filas, in tsarin ajiyarsa NTFS ne kwashe kayanka tukuna kafin ka yi fomat zuwa exFAT ko FAT32, don komai zai goge wallahi. Buɗe folda mai suna Music a filas ɗin, zuba fayilolin MP3 ɗin ciki, soka filas ɗin a PS4 ka buɗe Media Player. 'Yar em-pi-tiri ta kasuwar Circle a Accra ma MP3 ɗin dai take so.