Yadda za ka sa kwamfuta ta karanta maka kod ba tare da ka wahalar da kanka da rejeks ba

Ranar Asabar ɗin nan ƙanina ya same ni a shago a Tudun Wada da laftof ɗinsa, wai furojet aka ba shi ya rubuta wani abu da zai ƙirga fankshan nawa ne a cikin fayil ɗin Python (fankshan guntun kod ne mai suna da ke yin wani aiki). Kwana uku yana fama da rejeks, wato hanyar neman wani tsarin haruffa a cikin rubutu, yana neman duk inda aka rubuta def, kalmar da ake fara fankshan da ita a Python, abin yana ba shi 19 alhali 14 ne a fayil ɗin. Na ce yaro matso mu duba, ashe har def ɗin da ke cikin kwament (bayanin da ake rubutawa a kod don mutane) da na cikin alamar zance yake ƙirgawa. Wallahi abin ya dame ni, don yara da yawa nan suke maƙalewa kuma ba laifinsu ba ne, ba a nuna musu faza ba, wato manhajar da ke karanta kod bisa nahawunsa.

To ga yadda abin yake. Kod yare ne mai nahawu. Da farko leksa ke yanyanka rubutun ƙanana-ƙanana, wannan suna ne, wannan lamba ce, wannan alamar tarawa ce, sai faza ta kwashe su ta jera su kamar bishiya, uwa da rassa. Ɗauki 2 + 3 * 4, bishiyar za ta sa 3 * 4 a reshe ɗaya a ƙasa, tarawa kuma a sama, shi ya sa amsar 14 ce ba 20 ba.

In dai Python kake son karantawa ba sai ka ƙona data ba, akwai ast a cikinsa tun asali, shi ne zai ba ka wannan bishiyar. A ce fayil ɗin da kake son karantawa sunansa aiki.py, buɗe sabon fayil ka rubuta:

import ast
bishiya = ast.parse(open("aiki.py").read())
for reshe in ast.walk(bishiya):
    if isinstance(reshe, ast.FunctionDef):
        print(reshe.name, reshe.lineno)

Shi ke nan fa. Zai jero maka sunan kowane fankshan da layin da yake, kwament kuwa ko kallonsa ba ya yi. Amma ka lura masu async def sunansu daban, AsyncFunctionDef, in kana da su sai ka haɗa. Kuma ina roƙonka kafin ka ci gaba ka buga print(ast.dump(bishiya, indent=2)) a kan ɗan ƙaramin fayil ka zauna ka kalli bishiyar da idonka, indent ɗin daga Python 3.9 ya fara aiki. Ƙanin nawa da ya gani shiru ya yi can ya ce "Yaya ashe haka kwamfuta take ganin abin?"

Inda ast yake ba da matsala shi ne in kod ɗin na da kuskure ko da baka ɗaya ce ba a rufe ba, SyntaxError zai watso maka ya tsaya cak. Nan tree-sitter ke shigowa, wani kayan haɗa faza wanda Max Brunsfeld ya ƙirƙira, shi ko kod a karye yake zai gina bishiyar ya yi alama a inda ɓarakar take, kuma in ka canja layi ɗaya ba ya komawa farko, shi ya sa manhajojin rubuta kod irin su Neovim ke amfani da shi. Yana da nahawun C, Java, JavaScript da sauransu a shirye.

In kuma naka yaren kake son ƙirƙira, a ce irin wanda za a rubuta "idan" da "buga" da Hausa, to kai za ka rubuta nahawun. Ni shawarata ka fara da Lark, kayan haɗa faza na Python, pip install lark kawai, ka gwada da kalkuleta mai tarawa da ninkawa tukuna kafin ka hau babban abu. ANTLR na Terence Parr ya fi ƙarfi, nahawunka na zama a fayil mai .g4 ya haifa maka faza a Java ko Python ko C++, sai dai yana buƙatar Java a na'urarka kafin ya tashi. Su Yacc da aka yi a Bell Labs tun shekarun 1970 da magajinsa Bison suna nan suna aiki, amma ka bar su sai ranar da ka zauna da C sosai kuma ka shirya karanta saƙon shift/reduce conflict (ƙorafin cewa nahawunka na da ruɗani) ba tare da ranka ya ɓaci ba.