Kafin Ka Sauka Daga Kwalta: Shirya Mota Da Taya Don Hanyar Burji

Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma yawancin motoci za su cinye wannan tafiyar. Inda ake jin jiki shi ne zangon ƙarshe, idan an bar kwalta an shiga burji zuwa ƙauye: ga gargada, ga marmara mai kaifi, babu mai faci, wani wurin ko sabis babu. Ko kai ɗan kasuwar Mile 12 ne mai zuwa sarin albasa, ko mazaunin Agege mai tafiya gida Sallah, a nan Legas ya kamata ka gama shiri.

Fara da tsayin motar. Yi mata lodin da za ka tafi da shi, sannan ka durƙusa ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi sauka a cikinta, galibi kaskon baƙin mai ko salansa. Ana son santimita 20 ko fiye. Hilux, Prado da Land Cruiser sun kai haka, Corolla da Camry kuwa ba su wuce 15 da wani abin kirki ba. Da rani direba mai haƙuri zai lallaɓa ƙaramar mota ya kai ta, da damina kuwa a bar wa fo-wil, wato mota mai ja da ƙafafu huɗu. Idan irin fo-wil ɗin da ake sakawa da hannu ce, cire ta da zarar ka hau kwalta, don tana ɗaure ƙarafan da ke juya ƙafafu.

Sai taya, wadda ita ce ke kwanar da mutane a daji. Karanta rubutun jikinta. A 265/65 R17, lamba ta biyu tana nuna tsayin gefen taya: kashi 65 cikin ɗari na faɗinta, wato kusan santimita 17 na roba tsakanin rim da dutse. Mai 225/45 R17 santimita 10 kacal gare ta. Irin waɗannan sirara suna da kyan gani a Ikoyi, amma rami ɗaya ya isa ya matse gefensu a jikin rim ya tsaga. Nemi mai lamba 65 ko 70, in da hali mai alamar LT, don jikinta ya fi kauri kuma ta fi ɗaukar lodi.

Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙera ta. Wannan ya fi shafar mai sayen tokumbo a kasuwar Ladipo, inda za ka ga taya zanenta raɗau amma robar ta bushe, gefe duk ƙananan tsaga. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a jiki kuma galibi tayar hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, zafinmu yana cinye ta da wuri.

Maganar iska ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Sau da yawa mai faci zai ɗura maka 45 ko 50 a ma'aunin iska na PSI, ya buga ta da ƙarfe ya ce ta yi. Lambar iskar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ta motarka tana kan 'yar takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 36. Taya mai tauri ba ta lanƙwasa a kan dutse, sai dutsen ya huda ta, ga shi tana tsalle a gargada har sitiyari ya riƙa ƙwacewa. Saboda haka idan ka iso bakin burji tsaya ka rage, zuwa 26 ko 28 in lodin bai yi yawa ba. A rairayi mai zurfi ana sauka har 18 ko 20, a tafi a hankali ba tare da karya kwana da ƙarfi ba. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga rim. Haka direbobin dajin Ostireliya suke yi a hanyoyi irin Gibb River mai tsawon kimanin kilomita 660, kuma da yawansu safaya biyu suke ɗauka.

Rage iska yana tafiya da rage gudu. Taya mai ƙarancin iska tana murɗewa, murɗewar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke fasa ta. Kada ka wuce gudun kilomita 60 zuwa 70 a awa a burji ko da ya miƙe. Ga gwaji mai sauƙi: auna tana sanyi, ka sake aunawa bayan tafiyar awa guda. Ƙarin 4 daidai ne. Idan ya kai 7 ko 8, iskar ta yi kaɗan ga lodin, ko gudun ya yi yawa. Da ka dawo kwalta mayar da iskar nan take.

Ke nan sai da gejinka na kanka, da famfon iska mai kama kan batir, a bar inji a kunne lokacin da yake aiki. Ƙara da kayan toshe huji na igiyar roba, sai dai a tafin taya kawai suke aiki, hujin gefe ba ya toshuwa. Jak yana nutsewa a ƙasa mai laushi, don haka sa katako mai kauri a but.

Kwana ɗaya kafin tafiya, kwance ƙafa ɗaya a ƙofar gida da wil-sifanarka. A nan ne za ka gane ko an ɗaure notina da bindigar iska har ba sa motsi, ko makullin noti na musamman ya ɓata. Sauke safayar ma. A motocin da ke rataye ta a ƙarƙashi, irin Hilux da wasu Sienna, ruwan ambaliyar Legas yakan sa abin saukewar ya yi tsatsa ya cije. Idan 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi, wadda ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, sauya ta da cikakkiyar taya mai lamba ɗaya da sauran. Duk ƙafar da aka kwance, a sake matse notinanta bayan kilomita 50.