Can Laima Ce Matsala: Tsaftar Ɗaki Ga Bakanon da Zai Zauna a Ƙasa Mai Danshi

Ƙannena masu haɗa kaya zuwa karatu ko aiki a Malesiya, da 'yan Kantin Kwari masu kama gida a Guangzhou ta China, har da masu tafiya Ingila, akwai abin da ba a cika gaya muku ba kafin ku hau jirgi a filin Malam Aminu Kano. Tsaftar da muka tashi da ita tsaftar ƙasa mai bushewa ce. Mu ƙura muka sani. A yayyafa ruwa a share tsakar gida, a kaɗe tabarma, a fitar da katifa rana ta gasa ta, shi ke nan. Da hunturu danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, wanki ya bushe kafin la'asar. A Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, kuwa danshin yana kewayen kashi 80 kusan duk shekara. Sai mutum ya ga ɗakinsa fes, amma kullum da asuba atishawa, yoyon hanci, ido na ƙaiƙayi, ya yi ta shan maganin mura a banza.

Sau da yawa aleji ne, wato jiki ne ke ƙin wani abu da aka shaƙa, kuma tushensa yana cikin shimfiɗa. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna zaune a katifa da matashin kai da kafet, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu. Ba sa cizo. Kashinsu ne idan an shaƙa yake tayar da hanci da asma. Ba sa shan ruwa, daga iska suke zuƙar danshi, shi ya sa suke hayayyafa inda laima ta yi yawa, su ragu idan danshin ɗaki ya sauka ƙasa da kashi 50. To, ku wanke zanin gado da rigar filo duk mako, ku saita injin wanki a kan digiri 60, don ruwan sanyi ba ya kashe su. Ku bari kayan su bushe ƙarau kafin a shimfiɗa. Da safe kada ku yi saurin gyara gado; ku yaye bargo, gumin dare ya fita tukuna. In kuna da zaɓi wurin kama ɗaki, mai tayil ya fi mai kafet nesa ba kusa ba.

Sai funfuna. Ita ce za ta fi ba ku mamaki, domin a kan kayan da kuka fi ƙauna take fara sauka: takalmin fata da aka sayo a Kurmi, jaka, huluna, shaddar sallah da aka goge aka ninke a ƙasan akwati. Ku buɗe bayan wata biyu ku tarar da fari-fari ko kore-kore da warin gumɗa. Kada ku cusa kaya maƙil a wadrof, ku riƙa barin ƙofarsa a buɗe, ku janye shi da gado kaɗan daga jikin bango iska ta ratsa. Darduma ma a kula da ita: muna hawanta da ɗanyar alwala sau biyar a rana, goshi da hanci a kanta. A rataye ta bayan salla, kada a naɗe.

Shara da tsintsiya tayar da ƙurar da ke ɗauke da kashin ƙwarin nan da funfuna kawai take yi zuwa hancinku. Ku goge da tsumma mai ɗan lema, ku matse mofa sosai, sannan ku kunna fanka ƙasa ta bushe. Wanda zai sayi injin zuƙar ƙura ya nemi mai matatar HEPA, wadda ke tare ƙananan ɓurɓushin ƙura. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage danshi, yawancinsu ma suna da saitin busarwa, amma matatarta tana son wanki kamar duk mako biyu. Bayan wanka a kunna fankar bayan gida a rufe ƙofa. Shanya a cikin ɗaki kuwa, ruwan kayan nan duk iskar ɗakin yake komawa. In dole ce, a buɗe taga.

Idan funfuna ta yi baƙi a tayil, ku sa takunkumi da safar hannu, ku buɗe taga, ku wanke da sabulu ko bilic da aka surka. Ina roƙonku da Allah kada ku haɗa bilic da ruwan khal ko wani maganin wanke bayan gida, iskar da ke tashi guba ce. In tabon ya yi faɗi ko yana dawowa, wataƙila bango ne ke yoyo. Ku ɗauki hoto, ku rubuta wa mai gida. Kunyar nan tamu ta baƙo ba ta da wuri a nan. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale ta Ingila saboda funfunar gidan haya, bayan iyayensa sun yi ta kai kuka, har aka yi doka a kan lamarin a 2023.

Kuka da daddawa da yaji da kilishin da Hajiya ta ƙulla muku, ku juye su a robobi masu murfi ko ku sa a firji. A leda za su yi funfuna, su kuma jawo kyankyaso, wanda shi ma kashinsa yana tayar da asma. Turaren wuta na san ba ma rabuwa da shi, amma a rufaffen ɗaki hayaƙinsa yana tsananta tari, ga ƙararrawar gobara da zai iya tayarwa. Mai asma ya ga likitansa tun a Kano, ya tafi da inhelarsa a jakar hannu tare da takardar magani, ya kuma yi rajista da asibiti a makon farko da ya sauka.