Yadda na toshe saƙonnin da ke shiga akwatin ma'aikacin da ya bar aiki

Alhamdulillahi, yau dai na huta. Wani abokin aikinmu ya ajiye aiki amma imel bai daina zuba a akwatinsa ba, kwastomomi na ta turowa suna jiran amsa babu mai gani, abin ya dame ni sosai. Sabarmu, wato kwamfutar da ke karɓar imel ɗin ofis, manhajar imel ta Postfix take amfani da ita a kan tsarin Ubuntu.

Da farko na kulle fasuwod ɗinsa, ashe shiga kawai hakan ke hanawa, saƙo na nan na sauka. Goge akwatin kuma oga ya ce a'a, akwai tsofaffin takardu a ciki.

Ga abin da ya yi aiki. Na buɗe sabon fayil /etc/postfix/recipient_access na rubuta adireshinsa, sai REJECT (wato a ƙi karɓa), sai ɗan bayani cewa ya bar aiki a tuntuɓi ofis. Na yi postmap /etc/postfix/recipient_access don Postfix ya iya karanta fayil ɗin, sannan a main.cf, babban fayil ɗin saitin Postfix, cikin smtpd_recipient_restrictions (jerin ƙa'idojin tantance wanda aka turo wa saƙo) na sa check_recipient_access hash:/etc/postfix/recipient_access. To nan ne na sha wuya, na sa layin bayan permit_mynetworks, ƙa'idar da ke barin saƙon cikin gida ya wuce, shi ya sa saƙon 'yan cikin ofis ke wucewa abinsa. Na dawo da shi farko, na yi postfix reload don ya ɗauki sabon saitin.

Na gwada daga Gmail, nan take saƙon ya dawo da 554, lambar ƙin karɓa, a mail.log (fayil ɗin da ke rubuta abin da ya faru da saƙonni) kuma ga NOQUEUE: reject, wato an ƙi shi tun daga ƙofa.